Laccar Garejin Kwakwaci, Kano: In Sitiyari Ya Kulle

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa, in lokaci ya bari.

Na farko, abin da ke kulle sitiyari wani ɗan ƙarfe ne a wuyansa, da ka zare makulli sai ya faɗa gurbinsa, saboda ɓarawo aka yi shi. To in ka ajiye mota taya ta tokare da bakin kwalbati, nauyin nan duk a kan ƙarfen yake, makulli ba zai juya ba. Sai ka sa hannu ɗaya kana ɗan kaɗa sitiyarin dama da hagu, ɗaya hannun yana murɗa makulli a hankali. A hankali na ce! Ba da fulaya ba. Alhaji kana dariya, ai kwanan nan aka janyo mana wata mota, rabin makulli ya karye a ciki. Abin da kaɗawa za ta warware, sai da aka tafi Ƙofar Ruwa neman sabon suwic, wato wurin da ake sa makulli.

Kowa ya fito da makullinsa yanzu mu gani. Kun gani ko? Na shago, na gida, na akwatin uwargida, har da abin yankan farce, duk a jikin na mota. Ramukan titi suna jijjiga shi, nauyin yana cinye cikin suwic. Ga ƙurar hunturu. Sai mutum ya ɗura baƙin mai wai ya yi laushi, ƙura ta haɗu da mai ta daskare. Ku raba na mota daban, don Allah ku raba shi.

Na biyu, ko na uku ne? Motocin zamani, irin Mercedes C-Class ta 2007 zuwa 2014, ɗan injin lantarki ne ke sakin sitiyarin. In ka sa makulli ba ka ji ɗan kukansa ba, fara auna batir kafin ka kira rewaya, wato mai gyaran wutar mota.

(Tambaya: Oga, masu kashe mota a gangare don tattalin mai fa?)

Yawwa ɗana, gara da ka tayar da wannan. Inji na mutuwa birki zai yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. In kuwa tsohuwar mota ce ka zare makullin kana gangarowa daga gadar Ƙofar Nassarawa, kana ɗan karya kwana zai kulle, ga 'yan adaidaita a gabanka. Wa ke yi a cikinku? Kai mai jar hula, na ga ka sunkuyar da kai, tsaya mu gana bayan Azahar.