Babur mai taya huɗu na shiga daji: wanne ya dace da ƙasar Bauchi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Yau maganar babur mai taya huɗu za mu yi, irin na wasa, wanda ake fita da shi bayan gari a bi hanyoyin ƙafa da gindin duwatsu. Duk wanda ya zo neman shawara, abin da yake fara tambaya shi ne wanne ya fi gudu. To a hanyar daji gudun da za ka yi ba shi da yawa. Abin da zai sa ka ji daɗin fita, ko ka dawo gida kana turi, abu uku ne: irin ƙasar da za ka bi, yadda babur ɗin yake ja idan ana tafiya a hankali, da kuma ko akwai bakaniken da zai iya taɓa shi a garinku.

Mu fara raba su gida biyu, don ana yawan haɗa su. Akwai na aiki, irin su Yamaha Grizzly da Honda Foreman. Waɗannan masu nauyi ne, suna da wurin ɗaura kaya gaba da baya, galibi tayoyi huɗun duka suna ja, kuma cikinsu ya ɗaga daga ƙasa sosai. Sai na wasa, wanda muke magana a kai. Shi mara nauyi ne, tayoyin baya kaɗai ke ja, yawancinsu da sarƙa, da kuloci a hannun hagu da giya a ƙafa kamar babur ɗin da muka saba. Totur ɗinsa ba a murɗa shi, da babban yatsa ake dannawa. Idan buhun taki za ka riƙa kaiwa gona, Malam, wannan bidiyon ba naka ba ne, nemi na aiki.

Yanzu ku dubi ƙarƙashinsa daga baya. Kun ga wannan ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu? Sanda ɗaya ce, tayoyin tare suke juyawa. A tsakiyarta ga faifan haƙoran sarƙa, ga faifan birki, kuma tsakaninsu da ƙasa bai fi santimita 11 zuwa 13 ba a yawancin na wasa. Wannan shi ne wurin da dutse yake fara samu. Wanda ya san kudancin jihar nan, wajen Dass da gindin Dutsen Mbula, ko Toro da Tafawa Ɓalewa, ya san ƙasa ce ta fā da tsakuwa da duwatsun da suke ɓuya cikin ciyawa. A irin wannan wuri dole ka sa farantin kariya mai kauri a ƙarƙashi kafin fitarka ta farko. Arewacin jihar kuwa, wajen Azare da Gamawa, rairayi ne da fili, can babur mai ƙarfi yana samun wurin sakewa. Ƙasa biyu ce daban, kuma abin da ya yi kyau a ɗaya ba lallai ya yi a ɗayar ba.

Sai maganar ribas, wadda kusan babu mai tambayarta a wurin saye. Ka bi siririyar hanya tsakanin itatuwa, sai ka tarar kwazazzabo ya cinye gabanta, abin da ruwan Agusta yake yi kowace shekara. Babu wurin juyawa. Idan babur ɗinka ba shi da giyar baya, sauka za ka yi ka kama ƙarfen bayansa ka ja, abu mai nauyin wajen kilo 180, cikin zafin ranar Afrilu. Sau biyu za ka yi wannan aikin ka gane darajar ribas. Ni dai a wurina, babur na shiga daji da ba shi da ribas ya faɗi jarrabawa tun kafin a tayar da shi.

Wannan ya kawo mu kan ’yan 450, wato baburan da girman injinsu yake wajen 450cc. Yamaha YFZ450 ya fito a 2004, sai YFZ450R a 2009 mai injekta (na'urar da ke fesa wa inji fetur a maimakon kafireto), Honda ma ta yi TRX450R. Kyawawa ne, babu musu, kuma su ne samari suka fi so a hoto. Amma don filin tsere aka ƙera su. Dokin sukuwa ne: ka sake masa linzami a fili ka ga aiki, ka ce ya bi ka a hankali tsakanin duwatsu ya yi ta gardama. Injinsu sai ya ɗau zafin juyi yake ba da ƙarfinsa, saboda haka a hawan dutse kullum hannunka na kan kuloci, ka ɗan yi sakaci ya mutu. Ba su da ribas. YFZ450R faɗinsa ya kai santimita 124, abin da yake taimaka masa a kwana amma yake takura shi a matsattsiyar hanya. Ga shi suna son canjin baƙin mai akai-akai da duba bawul. Haka Banshee, mai silinda biyu, wanda Yamaha ta fara a 1987. Injinsa irin na tsofaffin baburan nan ne masu hayaƙi, sai an haɗa masa fetur da man 2T. A rairayi ƙararsa kaɗai ta isa ta tara yara, amma shi ma babu ribas, kuma shan mai sai ka riƙe baki.

Inda nake ganin mutumin Bauchi zai fi samun biyan buƙata shi ne ’yan 400. Guda biyu ne sanannu. Na farko Honda TRX400EX, wanda ya fito a 1999. Injinsa 397cc, iska ke sanyaya shi, babu lagireto, babu fanka, babu famfon ruwa. Kafireto ne da shi, wanda duk bakaniken babur da ya ƙware zai iya kwancewa ya wanke. Amma ku kula da shekara: na farko-farkon ba su da ribas, daga 2005 aka fara sa musu. A 2009 aka sauya masa suna zuwa TRX400X. Na biyu Suzuki LT-Z400, wanda ya fito a 2003, 398cc, ruwa ke sanyaya shi, kuma da ribas ɗinsa tun farko. Ya ɗan fi Honda kuzari. Idan kun ga Kawasaki KFX400, kada ku ruɗe, shi ne dai wannan Suzukin aka sauya masa fenti da suna, kayansu ma ɗaya ne. Daga 2009 Suzuki ta koma injekta.

Tsakanin biyun, wa zan ɗauka? Idan yawancin tafiyarka a hankali ce ƙwarai, hawa da sauka cikin zafin bazara, mai ruwa ya fi jure zafi, muddin lagireton ba ya toshe da laka da ƙaiƙayi. Idan kuwa kana nesa da gari kuma ba ka son abin da zai iya ɓulewa ya zubar da ruwa a tsakiyar daji, mai iska ya fi kwanciyar hankali. Duka biyun an daina ƙera su tun wajen 2014, don haka na hannu za ka samu, kuma lafiyar wanda ke gabanka ta fi sunan kamfaninsa muhimmanci.

Akwai Yamaha Raptor 700, wanda ya fito a 2006. Silinda ɗaya, 686cc, injekta, giya biyar da ribas, nauyinsa kusan kilo 190. Duk da girmansa, ya fi ’yan 450 daɗin tafiya a daji, saboda ƙarfinsa tun daga ƙasa yake, ba sai ka matsa masa ba, giya ta biyu ta ishe ka hawa mai tsawo. Wanda ya daɗe yana hawa kuma yana da hali, wannan ne zaɓinsa. Wanda bai taɓa hawa ba kuwa, ina roƙonsa ya haƙura tukuna. Yatsa ya ɗan zame a kan totur, gaba ya tashi sama. Kuma injekta ba ta shiri da gurɓataccen fetur. In ka saba tsayawa wurin ’yan bumburutu, to ka riƙa tace man, ko ka cika tanki a gidan mai ka ɗauki ƙari a galan. Tankinsa lita 11 ne kacal.

Sabon shiga, ko mai ƙaramin jiki, ya duba Honda TRX250X. Injin 229cc, ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce a rufe take juya tayoyin baya, wato ƙura da yashi ba su da abin ci. Kulocinsa an yi shi yadda ko ka sake shi ba daidai ba injin ba zai mutu ba. Yamaha Warrior 350 da magajinsa Raptor 350 su ma masu sauƙin hali ne, da ribas.

Na san wasu za su ce, to ’yan Chana fa, tunda su ne aljihu ya fi kaiwa? Suna da fa'ida ɗaya ta gaske. Da yawansu injinsu dangin na baburan da ke yawo a gari ne, don haka fulogi da fistin da ringi za ka iya dacewa da su a shagunan kayan babur. Inda za ka sa ido shi ne jikin: kaurin ƙarfe, walda, birki, da hannuwan da suka riƙe tayoyin gaba. A filin gida ko hanyar gona mai laushi za su yi. Gangaren dutse wata magana ce.

In ka je duba na hannu, ka je da safe, ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso. Taɓa injin ka ji da sanyi. Injin da aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. Ɗaga gaba, ka kama kowace taya ka girgiza sama da ƙasa, in ka ji tana ƙwas-ƙwas, boris ko mahaɗin ya tafi. Ɗaga baya ka juya tayoyi, ka dubi sandar nan: in tana rawa, ta lanƙwashe. Bi jikin ƙarfen da fitila, musamman kusa da matakin ƙafa da inda shok ya kama, ka nemi sabuwar walda ko sabon fenti a wuri ɗaya. Sannan ka buɗe akwatin iya kilina, ka cire soson, ka sa yatsa cikin bututun da ya shiga inji. In ka fito da ƙura, injin nan ya sha ƙasa, komai ƙyallin robobinsa. Wannan gwajin ya fi kowanne muhimmanci a wurinmu, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta raga wa inji. Kai ma bayan ka saya, soso biyu za ka ajiye, ɗaya a jiki, ɗaya a wanke an shafa masa mai yana jira. Kada ka manta da takardun kwastan, kuma ka gwada lambar jikin babur da ta takarda.

Taya kuma, a nan ake yawan yin ɓarna. Iskar tayar wannan babur kaɗan ce, wajen psi 4 zuwa 5, alhali ta mota ta haura 30. Ka kai wa mai faci ba ka yi masa bayani ba, zai ɗura mata iska har ta yi tauri, babur ya riƙa tsalle yana zamewa. Sayi ɗan ma'aunin iska na ƙaramin awo, ka tabbatar hagu da dama daidai suke, in ba haka ba zai riƙa janka gefe ɗaya. Ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, don haka taya mai kauri, da kayan toshe huji da ɗan famfo a jaka.

Saboda sandar bayan nan guda ɗaya ce, wannan babur ba ya shan kwana kamar mota. Sai ka karkata jikinka zuwa cikin kwanar, a hawa ka matso gaba, a gangara ka ja baya. Shi ya sa kujerar take da tsawo: wurin motsin mai tuƙi ne, ba wurin goyo ba. Shi ya sa kuma a kan kwalta ya fi haɗari, tayoyin suna kama titi, maimakon ya zame sai ya kife. In daga cikin gari za ka fita, ɗora shi a bayan a-kori-kura har bakin daji. Masu ƙera su da kansu sun rubuta a jiki cewa yaro ƙasa da shekara 16 kada ya hau babba. Iyaye, don Allah a duba wannan. Hular kwano, tabarau na ƙura, takalmi mai rufe idon sawu, ka sa kuɗinsu cikin lissafi tun kafin ka yi ciniki.

Wurin hawa ma sai an zaɓa. Yankari gandun namun daji ne mai dokarsa, ba a shiga dajin sai da jagora, kada ka ɗauka filin wasa ne. Da damina a bar gonakin mutane, taya ɗaya tana kwantar da kunya guda ta gyaɗa. In ka haɗu da garke a burtali, tsaya ka kashe inji har su wuce, don ƙarar salansa tana firgita shanu. In kuma sabon ƙauye ne, ka fara zuwa ka gaida mai gari ka faɗi abin da ya kawo ka. A nan ne za a gaya maka wace hanya ruwa ya yanke bana, da kuma wane daji ne ba a shiga yanzu.