Yadda Yashi da Laka Ke Zama Dutse

Ku samu kwalba mai haske, ku zuba tsakuwa da yashi da laka a ciki, ku cika ta da ruwa, ku girgiza sosai, sannan ku ajiye. Nan take tsakuwa za ta nutse, yashi ya biyo baya. Ita kuwa laka sai ta kwana tana yawo cikin ruwan kafin ta kwanta a saman su. Aikin da koguna da tekuna suka shafe miliyoyin shekaru suna yi ke nan, kuma ta haka ake samun duwatsu masu hawa-hawa, waɗanda suka rufe kusan kashi 75 cikin 100 na doron ƙasa, in an cire teku.

Zafin rana da sanyi da ruwan sama ne ke farfasa tsofaffin duwatsu. Ruwa da iska su kwashi ɓarɓashin su jibge a kwari ko a gindin teku. Wani ya kwanta kan wani, nauyin na sama ya danne na ƙasa har ya matse ruwan da ke ciki. Daga nan ma'adanan da suka narke a ruwa su liƙe ƙwayoyin, kamar yadda siminti ke kama yashi.

Kowane irin dutsen nan yana ba da labarin ruwan da ya haife shi. Ku ɗauki misalin dutse mai tsakuwa a jikinsa. Sau da yawa za ku ga tsakuwar ta yi sumul, ta mulmule. Kogi mai ƙarfi ne ya yi ta gangaro da ita daga nesa. Da a ce tana da kaifi, to a kusa ta karye ta faɗo.

Dutsen yashi kuma, in ka shafa shi za ka ji kaushi. Jan launin da yakan yi tsatsar ƙarfe ce, kuma ƴan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyinsa su ne ke riƙe ruwan rijiya da man fetur a ƙarƙashin ƙasa. Dutsen laka ya fi su duka yawa. Galibi a ruwa mai kwanciyar hankali yake samuwa, shi ya sa yake tsagewa falle-falle, wani lokaci ka tarar da zanen ganye ko na kifi a tsakani.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne dutsen farar ƙasa, domin akasarinsa halittu ne suka gina shi. Ƙwanson dabbobin ruwa da murjani su ne ke taruwa a gindin teku su daskare. Fararen duwatsun alli na gaɓar Doba a Ingila tarin ɓawon halittu ne da ido ba ya gani. Da dutsen farar ƙasa aka gina dalar Giza a Masar. Shi ne kuma a ƙololuwar tsaunin Ebarest, mai tsayin mita 8,849, ɗauke da burbushin halittun teku da suka rayu shekara fiye da miliyan 400 da suka wuce. Karon da yankin Indiya ya yi da Asiya ne ya cicciɓa gindin teku zuwa can. Gane dutsen farar ƙasa ba wuya: ɗiga masa asid, sai ya yi kumfa.

Akwai kuma waɗanda ƙafewar ruwa ke bari, irin su dutsen gishiri. Kimanin shekara miliyan 6 baya, hanyar da ke haɗa Bahar Rum da Tekun Atilantika ta toshe, ruwan ya yi ta ƙafewa, ya bar gishirin da kaurinsa ya haura kilomita 1 a wasu wurare. Kwal kuwa itatuwa ne da ciyayin fadama da laka ta binne tun ba su ruɓe ba, zafi da nauyi suka yi ta matsa su har suka zama baƙin dutsen da ake ƙonawa a samar da wutar lantarki.