Sabuwar mota ta daina ja a kan hanya: darasi daga gareji a Sakkwato

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kai yaro, ja baya da wayar kaɗan, motar nake so a gani, ba fuskata ba. Yawwa.

Wannan da kuke gani sabuwa ce dal, ko ledar kujerar baya ba a cire ba. Wata huɗu da saye, kilomita 6,200 kacal. Jiya da la'asar Alhajin da ke da ita yana dawowa daga Tambuwal, ya wuce Shagari, ya fito zai wuce tirela, ya taka totur, sai mota ta ce ba ta san zancen ba. Injin bai mutu ba, yana aiki, amma ba ja. Ga fitila ruwan ɗorawa ta kama a dashbod. Allah Ya tsare, ya koma bayan tirelar, ya lallaɓo har gari. Da safe ya kawo mani ita ya ce, "Oga, buɗe ta ka duba." Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ba ni buɗe ta." Har ya ɗan ji haushi. To dalilin da ya sa na ƙi, shi ne darasinmu na yau.

Mu fara da kan hanya, don can ne rai yake. In mota ta sake maka haka, kunna sigina biyu, ka koma hannunka, ka nemi gefe mai kyau ka tsaya. In ma injin ya mutu gaba ɗaya, sitiyari zai yi nauyi amma yana juyawa, birki kuma yana da sauran taimako na taku ɗaya ko biyu. Saboda haka kar ka riƙa famfa shi, taka sau ɗaya ka riƙe. Kar kuma ka zare makulli mota na tafiya, sitiyari zai iya kullewa.

Da ka tsaya, kafin ka kashe ta, fiddo waya ka ɗauki bidiyon dashbod. Kowace fitila, allurar zafi, allurar mai, kilomita. Wannan bidiyon shi ne shaidarka, za ku ga amfaninsa nan gaba. In jan fitilar baƙin mai ce ta kama, mai kama da buta, ko allurar zafi ta hau ja, kashe nan take ka kira janwe. In fitilar injin ce mai ruwan ɗorawa kuma ta tsaya cak, kana iya lallaɓawa zuwa gari. In tana ƙiftawa, wannan wata magana ce: wani silinda ba ya ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa, yana ƙona matatar hayaƙin nan da ke cikinta, wadda muke kira indomi. Kuɗinta ba na wasa ba ne.

To mi ke faruwa a ciki? Motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwa, biren bos. Ita ke karɓar labari daga sensa-sensa: iska nawa ta shiga, zafin ruwa nawa, totur ya buɗe zuwa ina. In ta ji labarin da bai yi mata ba, sai ta rage ƙarfin injin da gangan don kar ya yi wa kansa ɓarna. Za ka ga allurar juyin injin ta ƙi wuce 2,500 ko 3,000, giya ta maƙale a ta biyu ko ta uku. Mota ta koma ɗingishi. Ba lalacewa ta yi ba tukuna, tsare kanta take yi. Sau da yawa in ka kashe ka jira ƴan mintoci ka tada, sai ta dawo garau kamar ba a yi ba, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa su ce ai ta warke.

Kafin mu zargi kamfani, akwai abin kunya guda biyu da nakan fara dubawa. Tabarmar ƙafa. Mutum zai sayo mai kauri a kasuwa ya ɗora kan ta asali, sai ta shige ƙarƙashin totur ta hana shi sauka. Ko kuma direba mai tuƙi da ƙafa biyu, hagunsa na kan birki bai sani ba, kuma motocin yanzu da yawa in sun ji birki da totur tare, birki suke bi su yanke ƙarfi. Na biyu, maɓallin ƙayyade gudu da ke jikin sitiyari, yaro ya danna da wasa. Na taɓa ganin wanda ya kwana biyu cikin damuwa kan wannan maɓallin.

Sai manyan dalilai, kuma a nan Sakkwato mai ne kan gaba. Kun tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da anka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, motoci sunka yi ta tsayawa, aka yi ta layi? Wancan kowa ya ji labarinsa. Amma na kullum shi ne na galan a bakin titi, wurin ƴan bumburutu, da gidan man da ruwa ya shiga tankinsa na ƙasa da damina. Tsohuwar Peugeot tana haɗiye wannan ta wuce. Sabon injin, musamman mai turbo da nozul masu feshi kai tsaye cikin silinda, ba ya yafewa. Ku buɗe murfin tankin motarku ku karanta, wata an rubuta 95 a jiki, wato irin man da take so kenan. Ga kuma ɗabi'ar tafiya da fitilar ƙarewar fetur a kunne. Famfon mai a cikin tanki yake, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Ka bar fetur ya yi ƙasa sosai cikin zafin Afrilu, rana ta haura digiri 40, dole famfon ya gaji, ƙarfin turo mai ya faɗi daidai lokacin da kake buƙatarsa, wato wurin wuce tirela.

Sai ƙura. Hunturu ɗaya a garin nan ya isa ya cika iyakilina, ƙurar ta kai ga sensar da ke auna iska. Akwai kuma na kamfani tsantsa: kwil mai ba fulogi wuta da ya zo da matsala, soket da bai zauna ba, tiyon turbo da ya saki, ko manhajar ƙwaƙwalwa da ke buƙatar sabuntawa. Sabuwa ma mutum ne ya haɗa ta.

Matso nan ka haska ƙarƙashin sitiyari. Kun ga wannan soket mai baki 16? Nan ake jona na'urar bincike. Na jona, karantawa kawai zan yi. Ga shi ta fito da P0087, ma'ana ƙarfin mai a layin nozul ya yi ƙasa. Da P0299 ce, turbo ne ba ya turo iska yadda ya kamata. P0101 sensar iska, P0300 kuma injin na tsallake wuta. Ku dubi wannan shafin na biyu, shi ya fi mani daraja. Ƙwaƙwalwa ta ajiye hoton daƙiƙar da abin ya faru: gudu nawa ake yi, injin na juyi nawa, zafin ruwa nawa. Ɗauki hotonsa, yaro. Ɗauki biyu.

Ga kuma maɓallin gogewa nan, kuna ganinsa. Ba ni taɓa shi. Abin da ya fi ba ni haushi a sana'armu kenan: a karɓi kuɗin mutum, a goge lamba, fitila ta mutu, a ce an gyara. Wasu ma kan batir suke cirewa, wanda a motoci da yawa shi ma gogewa ne. Sai Alhaji ya kwashi tafiya har Kano ko Abuja, inda manyan diloli ke da wuraren sabis, su jona na'urarsu su ga wayam. Su ce, "Alhaji ba mu ga komai ba." Kuma gaskiya sunka faɗi, an riga an share.

Dalilin da ya sa na ƙi sa sifana kenan. Motar nan tana cikin garanti. Da yawa shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga zuwa, wasu kamfanonin har shekara 5, kowa ya duba littafinsa. In na kwance famfon nan, gobe dila zai ce bakanike na waje ya taɓa, ya zame. Aikin da za a yi maka kyauta ya koma aljihunka. Haka in ka tsallake sabis na farko, ko an yanke waya an sa maka wata rediyo ko na'urar bin sawu. Wannan maganar ta wadda anka saya wurin dilan kamfani ce. Ƴar Kwatano, ko ta yi ƙyalli yaya, ba ta da wannan gatan, ita kam a kawo mana.

Alhaji, ga yadda za ka yi. Kira su yau, ka tura masu bidiyo da hotunan nan ta WhatsApp tare da lambar cesis, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba. Ka tambaye su ko akwai kiranye, wato kamfani ya ce a maido motocin a gyara, ko sabunta manhaja kan wannan samfurin. Ka kuma tambaya, a rubuce, ko sun yarda a tuƙo ta ko a ɗoro ta kan babbar mota. Ni dai a ganina, motar da ke yanke ƙarfi ba ta hanyar Gusau da Funtuwa ba ce, hanyar da ba ka son tsayawa a daji.

In ka isa, kar ka ce "mota ba ta da lafiya" ka miƙa makulli. Faɗi ranar, gudun da kake yi, ko AC na kunne, man da ya rage, da inda ka sha mai na ƙarshe, da rasit in akwai. Ka tsaya a rubuta wannan a takardar aiki, ka karɓi kwafi. Ka nemi a fita gwaji kana ciki, a taka ta kamar yadda ka taka jiya. In sun ce man ne ba kyau, garanti bai rufe ba, to su ɗebi man a kwalba gabanka, kai ma a ba ka taka. In sun canza wani abu, a rubuta sunansa da lambarsa.

In an kai sau biyu, sau uku, abu na dawowa, ka wuce dila ka rubuta wa uwar kamfanin da ke shigo da motar, ka haɗa duk takardun. In can ma shiru, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ana shigar mata da ƙorafi ta intanet. Abin da za su fara tambayarka takarda ce.

Na'am, Alhaji? A'a, ba ka biyan komai, karatu kawai na yi. Yaro, zare na'urar a hankali, ka tura wa Alhaji hotunan yanzu yana tsaye. Ka kuma fitar da wannan tabarmar ta sama ka sa a but.