Tafkin Dagona: A Sakar Wa Fadama Ruwanta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai wata magana da ake yawan yi duk sa'ad da aka taɓo batun tafkin Dagona, kuma gaskiya ta ishe ni. Sai mutum ya gyara zama ya ce wai ana fama da tsadar masara, wa yake ta tsuntsu? Daga nan an rufe zance, kowa ya kama gabansa. To, yau ba za mu rufe shi ba, domin mai wannan magana bai san abin da ke kashe Dagona ba, bai kuma san cewa shi ne dai ke kashe gonar shinkafar Gashuwa ba.

Dagona ƙauye ne a ƙaramar hukumar Bade ta jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa. Tafkin da ke gefensa tsohon hannun kogi ne da ya yanke, faɗinsa hekta 344, bagaruwa da giyayya da goriba sun kewaye shi. Yana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, kuma a 2008 aka shigar da shi jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Da hunturu ya kama, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa sukan taso daga Turai da yammacin Asiya, su ratsa Bahar Rum, su ratsa Sahara, su sauka nan su tarar da 'yan gida: dinya, da kirinjijiya, da zalɓe, da balbela. Tsuntsun da bai kai kaza ba ya yi tafiyar dubban kilomita saboda ya san akwai ruwa a Bade. Wannan ne ya kawo marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, har Dagona a 1989.

Abu guda ne ke riƙe da duk wannan: ambaliyar damina. Kogin Haɗejiya da kogin Jama'are su ne ke gangarowa su bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Ruwa ya zo a Agusta da Satumba, ya malale ƙasa, sannan ya janye sannu a hankali. Lokacin da ya malale, kifi ke shiga ciyawa ya yi ƙwai, manomi ya samu shinkafar fadama. Da ya fara janyewa a bi damshin da wake da kuɓewa da albasa, makiyayi ya sauko da shanunsa ya samu ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi su ma su ƙoshi ta ƙarƙashin ƙasa. Tsuntsun yana cin abin da ya rage ne. Ruwan da ya kawo dinya shi ya kawo tarwaɗa da karfasa, shi ya kawo shinkafa. To ina aka samo zancen zaɓi tsakanin mutum da tsuntsu?

Matsalar tana can sama, ɗaruruwan kilomita daga Dagona. A 1974 aka kammala madatsar Tiga, a 1992 aka kammala ta Challawa, dukkansu a jihar Kano, kan rassan da ke ciyar da kogin Haɗejiya. Babu mai musun amfaninsu. Birnin Kano na sha daga gare su, Kadawa da Kura na noman rani da su. Amma yadda ake sarrafa su ya juya wa kogin ɗabi'arsa. An tare babban ruwan damina, an koma sakin ƙaramin ruwa mai tafiyar hawainiya shekara zagaye. Ruwan da ba shi da ƙarfi ba ya wanke hanyarsa, yashi da laka kawai yake ajiyewa. Ƙasar da a da take bushewa ƙaƙas da rani yanzu ba ta bushewa. Nan kachala ta samu gindin zama.

Duk mutumin Guri ko Kirikasamma ko Nguru ya san kachala, ba sai an yi masa bayani ba. Ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, ta toshe magudanan ruwa, ta cinye gonaki, ta hana kwale-kwale wucewa, ta hana masunci jefa taru. Da hanyoyin suka toshe, ruwa ya karkata zuwa magudanar Marma da tafkin Nguru ya zauna a gonakin mutane, alhali wasu hannuwan kogin da ke kai ruwa gabas suna ƙishi. Wasu na kukan ruwa ya yi musu yawa, wasu na kukan bai zo ba, kuma cuta guda ce. A cikin kachalar nan jan-baki ke kwana, tsuntsun da ke sauka garke-garke ya share gonar gero ko shinkafa. A cikinta sauro ke haihuwa, da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Manomin da ya tsani tsuntsu saboda jan-baki yana da hujjar fushinsa, amma ba agwagwar da ta zo daga Turai ce ta ci masa gero ba. Kachala ce ta ba jan-baki masauki, ruwan da aka lalata wa tsari ne kuma ya haifi kachala.

Masu cewa noman rani na manyan madatsu ya fi fadama riba, sun makara da wannan gardama. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka auna abin da ma'aunin ruwa guda ke samarwa a fadamar Haɗejiya da Nguru, noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da yake samarwa a aikin noman rani na kogin Kano. Na fadama ya ninka nesa ba kusa ba. Fiye da shekara talatin ke nan da sanin wannan. Me aka yi da shi? Kuma har yau ba a daina tayar da zancen madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi ba, wadda za ta tare kogin Jama'are, kogin da ya rage ba a ɗaure ba, wanda yawancin ruwan da ke isa Gashuwa daga gare shi yake. Ranar da aka ɗaure Jama'are ba tare da tsarin sakin ambaliya ba, a manta da Dagona, a manta da bikin kamun kifi na Bade a Gogaram.

Ban ce mutanen yankin ba su da nasu laifin ba. Ana sare bagaruwa a yi gawayi, ana harbin dinya, akwai masu zuba guba a ruwa don kifi. Wannan ɓarna ce, dole hukuma da masu unguwanni su tsaya a kai, kuma ma'aikatan gandun na buƙatar kayan aiki da ƙarin hannu. Sai dai abin da ke ba ni haushi shi ne nan ake tsayawa. A kama talaka da ƙunshin itace, a ce an kare muhalli. Haba! Ko soja ka zuba ya kewaye tafkin nan, idan ambaliya ba ta zo ba, busasshen fako zai yi gadi.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sabbin gandun ƙasa guda goma, ciki har da dausayin Haɗejiya da ke Baturiya a jihar Jigawa, maƙwabcin Dagona a ruwa ɗaya. Madalla. Ko sabon sunan zai canza wani abu, lokaci ne zai nuna, domin Dagona ta daɗe da suna, ta daɗe da takardar Ramsar, kuma takarda ba ta cika tafki. Ruwa ke cika tafki.

Saboda haka kiranmu ga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta tarayya, da gwamnonin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno, a fili yake. A tsara sakin ruwa daga Tiga da Challawa da damina yadda zai yi kama da ambaliyar asali, a sanar da garuruwan da ke ƙasan kogi tun da wuri don kada ya same su ba shiri. A rage tsiyayar rani domin ƙasa ta bushe kachala ta mutu. A yashe magudanan da suka toshe da injina, a daina barin samarin ƙauye su shiga ruwa iya ƙirji da lauje su kaɗai. Kuma idan za a zauna rabon ruwan nan, a kira sarkin ruwa da sarkin noma da arɗo daga Bade da Nguru su zauna a teburin, domin su ne na ƙarshen kogi, su ne kuma ba a tambaya.

Wassalamu alaikum.