Kafin Ka Kira Yaro Daƙiƙi, Gwada Shi da Harshen Gidansu

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To, madalla. Abubuwa uku na zo da su, in sha Allahu mu gama kafin la'asar.

Na farko, kalmar nan "daƙiƙi". Malamai 'yan'uwana, don girman Allah mu rage saurin furta ta. Yaro ɗan shekara shida, Hausa yake ji a gida. Da asuba yana makarantar allo yana bin baƙi daga dama zuwa hagu. Ƙarfe takwas ya shigo ajinka, ka juyo da shi daga hagu zuwa dama, da Turanci kuma. Idan ya yi shiru, shirun nan iri biyu ne. Akwai wanda harshen ne bai iya ba tukuna, akwai wanda Allah ya jarrabe shi da nauyin koyon magana ita kanta. A allo kamarsu ɗaya, amma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Wani masani a Kanada, Jim Cummins, ya duba yaran baƙi a makarantun Toronto wajen 1980. Ya ga yaro kan iya hira da sabon harshe cikin shekara biyu, amma harshen littafi da jarrabawa sai ya ci shekara biyar zuwa bakwai. Kuma waɗannan yara suna jin Turanci a titi da kanti. Namu fa? Daga bakinka kaɗai suke jin sa.

To yaya za ka bambance? Ga abin da nake so ku tafi da shi ko kun manta sauran. Ciwon harshe na gaske, wato nauyin koyon maganar nan, ba ya zaɓen yare. In yana nan, za ka gan shi a Turanci, za ka gan shi a Hausa. Saboda haka ka gwada yaro da harshen gidansu.

Na taɓa shiga wani aji biyu, malamar ta nuna mini wata yarinya a lungu, ta ce tun farkon zango ba ta ce uffan ba. Ashe daga ruga take zuwa, Hausar ma ba ta zauna mata ba, balle Turanci. Muka kira mai gadin makarantar, Bafulatani ne, ya tsuguna ya yi mata Fulatanci. Jama'a, yarinyar nan ta buɗe baki, ta lissafa masa shanunsu ɗaya bayan ɗaya da kalarsu, har da wadda ta haihu shekaranjiya. Sai da muka roƙe ta ta tsaya! (dariya) Wannan lafiyarta ƙalau, lokaci take buƙata. A ajin nan kuma akwai yaro Bahaushe, surutu kamar aku, ba wanda ya damu da shi. Na ce ya ba ni tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ya fara, ya rikice, ya kasa jera farko da ƙarshe, yana ce wa Ƙoƙi "ya tafi". Na ce, "Ɗauko alli a tebur ka kai wa Malama, sannan ka rufe taga." Ya ɗauko allin ya tsaya yana kallona. Shi ne mai buƙatar taimako, kuma da Hausa na gano shi. Da Hausa, ku lura.

Kuma ku kira uwa. Ba wanda ya san bakin yaro kamar uwarsa. Ku tambaye ta: yaushe ya fara magana? In kin aike shi abu biyu, yana dawowa da duka? Ya yake in an gwada shi da yayyensa lokacin da suke kamarsa? In ta ce, "Ai wannan tun yana ƙarami yana da nauyin baki," to ka rubuta. Amma yaron da ya ce "fiful" maimakon "people", kalmar Turancin nan mai nufin mutane, wannan ba ciwo ba ne, bakin Bahaushe ne.

Na biyu, ko na uku ne? Bari in haɗa su. Ku duba kunne. Yaron da ya yi sanƙarau ko ƙyanda, ko kunnensa na zubar da ruwa, a kai shi asibiti kafin a yanke masa hukunci. Sannan yara masu ciwon harshen nan ba kaɗan ba ne: binciken Amurka na 1997 da na Ingila na 2016 duk sun samu kusan yara bakwai cikin ɗari. A aji mai yara tamanin, biyar ko shida ke nan. Ku dawo da su gaba, ku gajarta umarni, ku nuna abu da hannu, ku maimaita. Na'am, Hajiya?

(Wata mahalarciya ta ce a makarantar ɗanta an umarce ta ta daina yi masa Hausa a gida, wai harshe biyu ne ke rikita shi.)

Hajiya, kada ki daina. A Kanada tun 1965 aka fara amfani da Faransanci zalla wajen koyar da yaran da Turanci ne harshen gidansu, a garin St. Lambert. Daga baya Margaret Bruck ta bi yara masu matsalar harshe a irin waɗannan azuzuwa, ta ga ba su gaza takwarorinsu masu irin matsalar da ke karatu da harshe ɗaya ba. Harshe na biyu ba shi ya kawo ciwon ba, cire Hausa kuma ba zai warkar da shi ba. Kakarsa tana jin Turanci? To da wa zai yi hira in kin cire? Ki ci gaba da yi masa tatsuniya da daddare, ki bar shi ya ƙarasa miki. Bayan salla ki same ni, in rubuta miki tambayoyin da za ki kai wa malaminsa.