Laccar lafiya: Yakushin karen bola da ciwon haukar kare

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, na gode da kuka zauna.

Duk wanda ya yi makarantar allo a garin nan ya san hukuncin: in kare ya sa baki a ƙwarya, sai an wanke ta sau 7. Wannan muna kiyayewa. Amma yaro ya taso daga Islamiyya, karen bola ya yakushe shi a ƙwauri, sai a duba a ce ai ba cizo ba ne, a shafa toka a sallame shi. Wallahi abin nan yana hana ni barci.

Ƙwayar cutar haukar kare a yawun kare mai ɗauke da ita take, kare kuwa kullum cikin lasar ƙafarsa yake. In farcensa ya karce fata, ko jini bai fito ba, ƙofa ta buɗu. Daga nan sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci wata 2 zuwa 3 take ɗauka, wani lokacin sati ɗaya, wani lokacin shekara. Raunin yakushin ya warke, kowa ya manta. Ranar da yaro ya fara firgita in ya ga ruwa, maƙogwaro ya shaƙe, to bakin alƙalami ya bushe, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa duk shekara, kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Saboda haka, kafin komai, sabulu da ruwa. A yi ta kwarara buta bayan buta har minti 15, a duba agogo. A shafa aidin, kada a ɗaure. Sannan asibiti a ranar, ko Murtala ko Malam Aminu Kano, a fara allura. Ba ɗaya ba ce: akwai ta ranar farko, ta kwana 3, ta kwana 7, da abin da likita ya ƙara. Na san da tsada, na san halin da ake ciki, amma don Allah kada a tsaya a ta farko.

Hajiya daga baya tana tambaya, in an riga an yi sati biyu fa? Hajiya, a kai shi gobe da sassafe. Muddin alamu ba su bayyana ba, ana yi masa. Mai juna biyu ma ana yi mata.