Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni na Jihar Bauchi, daga Kociyoyin Yara da Iyayensu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum.

Mai girma Kwamishina, masu girma 'yan tawagarka, wakilin Mai Martaba Sarkin Bauchi, masu unguwanni, limamai da fastoci, shugabannin makarantu, iyayenmu mata da maza, 'yan'uwa kociyoyi, da 'ya'yanmu da suka yi sahu a bakin fili, muna yi muku barka da zuwa. Ranka ya daɗe, mun ji daɗin ganin ka taka wannan fili na ƙasa da tsakuwa da ƙafarka, domin a irinsa ne ɗan wasa ke fara koyon yadda zai zauna da mutane, tun kafin wani ya san sunansa.

Garin nan ya san darajar malami. Malam Yakubu da ya kafa Bauchi almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, a gabansa ya yi karatu kafin ya karɓo tuta. Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda babban filin wasanmu ke ɗauke da sunansa, malamin makaranta ne a Midil ta Bauchi kafin ya zama Firayim Minista. A wannan filin aka buga wasu wasannin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, aka sake buga na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, kuma ƙungiyar garinmu Wikki Tourists ta kawo mana Kofin Ƙalubale na ƙasa a 1998. Yaranmu sun tashi suna jin waɗannan labarai, kowane ɗayansu yana ganin kansa a can. Mu da ke tare da su kullum mun san cewa kaɗan ne ƙwarai ƙwallo za ta ciyar. Sauran teloli ne na gobe, da makanikai, da malamai, da 'yan kasuwar Wunti, kuma abin da za su tafi da shi daga hannunmu shi ne hali. Wannan halin kuwa ba ya zama sai gida da fili sun zama baki ɗaya. Abin da muke so mu shimfiɗa maka ke nan, dalla-dalla.

Ba ma karɓar yaro sai uba ko uwa ko wanda ke riƙe da shi ya kawo shi da kansa. Yaron da ya zo shi kaɗai ya ce an yarda masa a gida, sai mu mayar da shi da ɗan saƙo. A zaman farko muna neman takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da sunan makarantarsa ta boko da ta Islamiyya ko cocinsu, da bayanin lafiyarsa: yana da sikila? Yana da asma? Ya taɓa suma ko ciwon ƙirji in ya yi gudu? Iyaye da yawa na ɓoye wannan don kada a ƙi ɗansu, sai mu tuna musu da Samuel Okwaraji, ɗan wasan Najeriya, wanda ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana tsaka da karawa da Angola, bai sake tashi ba. Yaron da ke da irin wannan lalura likita ne zai faɗi iyakar abin da zai iya, ba koci ba. Daga nan sai a yi yarjejeniya a gaban yaron, yana ji: atisaye bayan La'asar, a tashi kafin kiran Magariba, babu atisaye a lokacin makaranta, kuma ƙarshen kowane zango ya kawo takardar sakamakon jarrabawa. Wanda ya yi fashin makaranta benci zai zauna a wasa na gaba ko da shi ne mai cin ƙwallayen. Ranar da koci ya ɗaga ƙafa ga gwanin yaro, ranar dukan yaran suka koyi cewa doka ta marasa iyawa ce.

Abin da gida ya shuka a fili yake fitowa, kuma ba ya ɓuya. Yaron da ake aike a gida ya dawo da canji cif, shi ne za ka ba ƙwallaye goma ya adana ya dawo da goma. Wanda ya saba gaida manya da safe ba ya ɗaga wa alƙalin wasa yatsa. Wanda ake goya wa baya duk lokacin da ya yi faɗa a layi, in an canza shi a wasa sai ya cire riga ya yar. Akwai kuma kuskuren da iyaye nagari ke yi ba da sani ba. Yaro ya dawo, tambayar farko ita ce, "Kun ci? Kai ka ci nawa?" A hankali sai ya daina ba ɗan'uwansa ƙwallo ko da shi ya fi kusa da raga. Muna roƙon iyaye su canza tambayar: me koci ya gyara maka yau, wa ka taimaka wa, ka ba abokin karawa hannu bayan an tashi? Uban da ya zo kallo kuma ya tsaya yana zagin alƙali, ya rushe aikin wata guda a cikin minti biyar. Irin wannan uban mukan ja shi gefe cikin ladabi, in ta ƙi sai mu kai maganar wurin mai unguwa.

Ranka ya daɗe, a nan za mu ɗan daɗe, domin babu inda ake gwada gaskiyar gida da ta koci kamar maganar shekaru. Yaro ɗan shekara 19 a mayar da shi ɗan 15 don a ci kofin unguwa. Uba ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, koci ya sa hannu, yaron yana kallo. Darasin da ya ɗauka shi ne mutum biyun da ya fi girmamawa a duniya sun haɗu sun yi ƙarya, kuma an tafa musu. Daga baya ba wanda zai iya hana shi satar amsa a jarrabawa. A ɓangaren wasan ma hasara ce. Ƙaton da ke buga wasa da ƙanana ƙarfi yake amfani da shi, bai koyi dabara ba, ranar da ya haɗu da sa'o'insa sai a neme shi a rasa. Ƙaramin da aka danne kuma, wanda wataƙila shi ne mai basirar, ya ji ciwo ko ya yi zuciya ya bari. Ƙasar nan ta ɗanɗana kuɗarta: a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, muka kuma rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Tun daga 2009 ake ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17, ana duba ko ƙashin ya gama haɗewa, alamar cewa yaro ya wuce shekarun. Wanda aka yi wa ƙarya a Bauchi a can za a sallamo shi, a gaban kowa, da kunyar da ba shi ya jawo ba. Maganin ba wuya: a karɓi takardar haihuwa, a gwada ta da rijistar shigarsa firamare da ke hannun hedimasta, a rubuta a littafi ɗaya da ba a gogewa. Yaron da aka rubuta yana da shekara 10 bana, ba zai sake zama ɗan 10 baɗi ba.

Shi kansa kocin sai an sa masa ido, domin yaro na kwaikwayon abin da ya gani fiye da abin da aka gaya masa. Koci ya riga yara zuwa fili. Ba ya zagi, ba ya ambaton iyayen yaro da mugun baki, ba ya duka. Horon da ke aiki shi ne hana wasa da tattara kayan atisaye, domin tsallen kwaɗo a rana guiwa kawai yake lalatawa. Yabo a gaban jama'a, gyara a gefe. Ba ya karɓar ko sisi don ya sa yaro a cikin sha ɗayan farko. Ba ya keɓewa da yaro a ɗaki, ba ya kiran sa gidansa da dare, kuma in za a yi tafiya wasa Azare ko Misau ko Gombe, sai da izinin iyaye a rubuce da aƙalla uba ɗaya a cikin motar. 'Yan matanmu masu ƙwallon hannu da ƙwallon raga da guje-guje mace ce ke kula da su, kuma rashin mata masu horarwa shi ne ke sa iyaye da yawa su hana 'ya'yansu mata fitowa. Kyaftin muna juya shi duk wata, don mai kunya ma ya ɗanɗana ɗaukar nauyin wasu.

Kula da jikin yaro ma tarbiyya ce, domin daga nan yake gane cewa ya fi kofi daraja a wurinmu. Ɗan shekara 8 zuwa 12 ƙwallo mai lamba 4 ta dace da shi. Mai lamba 5, wadda nauyinta ke kai gram 410 zuwa 450, ta manya ce, in an ba ƙarami sai ya koyi bugu da tsinin yatsa. A bazarar Maris da Afrilu muna tsayawa shan ruwa duk bayan minti 20, kuma da azumi muna rage atisaye zuwa taɓa ƙwallo a hankali dab da shan ruwa. In yaro ya yi targaɗe, a fitar da shi, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar. In ya kasa takawa, hoton ƙashi a asibiti kafin a je wurin mai ɗori, domin murza ƙashin da ya tsage shi ke bar wa yaro ɗingishi. Wanda ya bugu a ka, ya ji jiri ko ya yi amai ko ya rikice, ya gama wasa ranar nan ko da ya rantse ya warke. Koci da ya ba yaro ƙwaya don ya ƙarasa wasa, shi ya buɗe masa ƙofar tiramadol. Mun san inda wannan ƙofar ke kaiwa, ba mu manta da abin da sara-suka suka yi wa unguwanninmu ba. Alamun da uwa ke fara gani su ne barcin rana fiye da kima, rashin cin abinci, sababbin abokai da ba sa shigowa gaisuwa, da kuɗi ko waya da ba a san tushensu ba. Na ƙarshen nan sau da yawa daga shagon cacar ƙwallo yake. Uwa ta gani ta gaya wa koci, koci ya gani ya gaya wa gida, a ranar, kada a bari ya kwana.

Sai 'yan damfara masu kiran kansu wakilan 'yan wasa. Mutum zai zo da takarda mai tambarin wata ƙungiya ta Turai, ya ce a biya kuɗin biza da na jirgi, uba ya sayar da gona ko shanu. Iyaye su sani: dokar FIFA, sashe na 19, ta hana sayar da ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa, in ban da 'yan dalilai ƙalilan kamar ƙaurar iyayensa don wani abin da ba ƙwallo ba. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ita ke biyan kuɗin tafiyarsa. Kada a miƙa wa kowa fasfo, kada a sa hannu a takardar da lauya bai karanta ba. Akwai kuma haƙƙin da muke asara saboda sakaci. Dokar ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, amma sai wadda ke da rijista da shaidar shekarun da ya yi a hannunta. Kocin da ya reni yaro shekara shida ba tare da rubutu ba, addu'a kawai zai samu.

Mai girma Kwamishina, riguna da kofuna muna godiya da su, amma buƙatarmu ta fi ƙarfi a kan mutumin da ke tsaye a gaban yaran. Muna roƙon a yi rijistar duk mai horar da yara a jihar nan, da shaidar mai unguwarsa da ta iyaye, domin a yau duk wanda ya sayi usur ya zama koci. A taimaka a kawo kwas ɗin matakin farko na lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, nan Bauchi, a kuma ɗauki nauyin wasu zuwa Cibiyar Horar da Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, a ware gurabe na mata. A haɗa mu da ma'aikatan lafiya su koya mana taimakon gaggawa, su duba yaran sau ɗaya a shekara. A sa baki da Ma'aikatar Ilimi don filayen makarantun gwamnati su zauna a buɗe bayan La'asar ƙarƙashin kulawar hedimasta, a kuma kare su daga masu yanka su filoti-filoti. Sannan duk gasar da ma'aikatarka za ta sa wa hannu, a sharɗanta littafin shekarun nan, a kuma ba da kyautar ɗa'a mai nauyi daidai da ta wanda ya fi cin ƙwallaye, a kira iyayen yaron su karɓa tare da shi.

Littafin rijistarmu da takardun yarjejeniyar iyaye suna kan teburin da ke gabanka, muna so ka buɗe ka duba. Bayan haka 'yan ƙasa da shekara 13 za su buga minti 20 sau biyu, iyaye mata kuma sun nemi a ba su ɗan lokaci su gana da kai kafin ka tashi.

Allah ya saka da alheri, ya taya ka riƙo, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum.